Tunda dai zan tafi, ga abin da korona ta koya min a labo

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya na Damagaram. Wasunku sun riga sun ji ƙarshen watan nan zan ajiye aikin labo, to tunda yanzu ba mai sake rubuto min takardar neman bayani bari in amayar da abin da ya daɗe a cikina, ko ƙannenmu masu fitowa daga lakol sa ƙaru.

Babban abin da na koya: kar ka kuskura ka ce wa mutum gwaji ba ya kuskure, ko da shef ne ya sa ka. Duk wanda ya taɓa tura sandar audugar nan a hancin mutum ya san gwajin gaggawa na minti 15 yana iya cewa babu alhali akwai, musamman in ƙwayar ba ta yi yawa ba ko mai ɗauka ya ji tausayi bai tura can ciki ba. PCR, gwajin da ake yi da na'ura a labo, ya fi shi gani nesa ba kusa ba, amma shi kuma yakan kama ɓurɓushin ƙwayar da ta riga ta mutu, mutum ya warke garau makonni sun wuce takarda na cewa yana da ita. Balle farkon abin, bayan an samu mutum na farko mai korona a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, da samfur sai ya tafi CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, kilomita kusan 900 cikin zafin bazara, kai ma ka san halin da ƙanƙarar gilasiya take isa.

Ƙarshen 2020 da cutar ta sake tasowa aka kawo wani dattijo ɗan kasuwa, na gaggawa ya ce babu ya koma gida, da PCR ya fito aka kira shi aka ce akwai. Ɗansa ya same ni da takardu biyu a hannu ya ce, Malam don Allah wacce ce ta gaskiya? Na zaunar da shi na ce ta biyun, wato ta PCR, na yi masa bayanin dalili kamar yadda na rubuta a sama, ya gode ya je ya keɓe mahaifinsa a ɗaki. Shi ke nan laifina wallahi. Washegari a riniyo shef ya tsayar da ni gaban yaran da ni na koya musu riƙe pipet, wai wa ya aike ni, wai daga yau amsa ɗaya ce, na'ura ba ta ƙarya. Na ce ranka ya daɗe to mutumin da ke riƙe da takardu biyu masu karo da juna fa, in na'ura ba ta ƙarya ai mu ne maƙaryatan kenan. Kafin la'asar takardar neman bayani ta iso, ƙarshen wata kuma na duba jerin masu kuɗin alawus na korona babu sunana, akwai na wani da ko safar hannu bai taɓa sawa ba.

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujjarsa. Gari a tafashe yake, kowa ya tuna tarzomar da aka yi a Mirya ƙarshen Maris da aka hana sallar jam'i, masallatai ba su buɗe ba sai 13 ga Mayu, a fada da majalisun shayi ana ta cewa cutar Turawa ce, wai ana biyanmu a kan kowane kai. Tsoronsa in mun amsa gwaji na iya kuskure za a ce dama mun faɗa babu korona. Amma mutanenmu ba wawaye ba ne, sun saba a yi musu gwajin masassara a ce babu, a sake a ce akwai, ba wanda ya ce babu sauro. Abin da ba su yafewa shi ne su kama ka kana rufa-rufa.

Da rigakafi ta zo aka maimaita. An fara 29 ga Maris 2021 da Sinopharm, daga baya AstraZeneca da Johnson suka iso. Ni na yi, na kai tsohuwata ta yi, don ta rage kwanciya da mutuwa, wannan ba gardama. Shef kuwa ya ce mu riƙa cewa wanda ya yi ba zai kamu ba, don lambobin rapor su hau. Sai ga Omikron, sabon nau'in korona, ƙarshen shekara tana kama masu karnen rigakafi da marasa karne, wa za a tsare a bakin masallaci a tambaya? mu dai. Kuma ka tuna Kano nan ce kusa, dattawanmu ba su manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 lokacin sanƙarau ba, da ƙauracewar rigakafin shan inna ta 2003, wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka jahilci ne kawai.

Maganar tilasta rigakafi kuma, masu cewa ba ta aiki ba su ga hajjin 2022 ba. Da Saudiyya ta ce sai da rigakafi da PCR, waɗanda suka rantse ba za a tsira musu allura ba su ne a gaban layi tun asuba. Tana kawo hannu kam. Amma ita ce ta mai da karne haja, na sha jin ana tambayar nawa ne ba allura, kuma matan da aka matsa wa su ne na ga suna jan ƙafa da aka dawo maganar rigakafin ƙyanda na yara.

Sauran ba su da yawa. Ka rubuta awa da halin da samfur ya iso a rijista ka sa hannu. Umurnin baki ka nemi a rubuta maka shi. Mai shara da direban motar samfur ka girmama su, sun fi wasu manya amfani.

Shef an ƙara masa girma tuni, Allah ya sanya alheri. Takardar neman bayanin tana nan cikin dosiyena, amsar da na rubuta shafi biyu ce ba a taɓa maƙala ta ba, in wani a ofishin ma'aikata yana karanta wannan ina da kwafi.