Mai Wurno, garin jikokin mutanen Burmi a bakin Nilu

Ƙarshen 2022 ne, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya ɓarke, naje Khartum duba ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Afirka. A ɗakinsu akwai wani yaro ɗan Sudan, yana jin muna Hausa ya taso ya durƙusa yace "Kawu an zo lahiya?", nace kai daga Sakkwato kake, yayi dariya yace bai taɓa taka Najeriya ba, shi ɗan Mai Wurno ne, kakan kakansa ne ya fito daga can. To ni dama tun ina yaro nake jin sunan garin nan a bakin tsofaffi, nace wallahi ba zan koma gida ban ganshi ba.

Da asuba muka hau bas a babbar tashar nan da suke ce wa Mina Barri, muka miƙi hanyar Wad Madani. Hanyar ba wani abin kallo sai ka shiga Jazira sosai, yankin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, nan ne zaka ga ƙasa shimfiɗe ba tudu ba kwari, magudanan ruwa sun miƙe ɗoɗar har inda ido ya ƙare, gonakin auduga da alkama da dawa. Aikin noman rani ne da Turawan Ingila suka buɗe a 1925 bayan sun gama madatsar ruwa ta Sinnar, kuma duk wanda ya san tarihin wurin zai gaya maka guminmu na ciki, don mutanenmu masu tafiya Makka a ƙasa nan suke yada zango su yi ƙodagon tsinkar auduga su tara guzuri, wani shekara biyu wani goma, wani kuma shikenan ya zauna. Daga Khartum zuwa Sinnar wajen kilomita 300 ne. A Sinnar muka sha shayi wurin matan nan masu shayi a bakin titi, muka canza ƙaramar mota, ba a jima ba sai gamu a Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu.

Asalin garin dai sananne ne. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashinsu ya yi gabas, jama'a suka dinga barin gonaki da garuruwa suna binsa, har aka tare su a Burmi cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello wanda ake ce wa Mai Wurno shi ya ja ragowar suka ci gaba, suka ratsa ƙasar Chadi da Darfur da Kordofan, wajen 1906 suka iso bakin Nilu, suka fara sauka a Shaikh Talha a tsallaken kogi kafin su kafa nasu garin. Har yau akwai sarki a garin daga zuriyarsa, Sultan suke ce masa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda mutanen garin suke a cakuɗe amma kuma kowa ya san kansa. A Khartum in kace Mai Wurno sai ace maka ai garin Fallata ne, an gama magana. Fallata ɗin nan a bakin Balaraben Sudan kowa ne da kakansa ya fito daga yamma, Bafulatani ne ko Bahaushe ko Babarbare ko Bazabarme duk ɗaya, wasu ma har yanzu Takari suke cewa. Amma ka shigo cikin garin ka zauna a kan tabarma kaji yadda ake rarrabewa. Kakan yaron nan, tsoho ne ya haura tamanin, muna zaune ƙofar gida bayan la'asar mutane na wucewa yana min bayani ɗaya bayan ɗaya, wancan Fulanin gidan sarauta ne, wancan mai keken jaki kakanninsa Katsinawa ne, masu shagon can Barno suke, wancan dogon kuma mutanensu daga Male, wato ƙasar Mali, suka fito. Na Male ɗin ya ban mamaki sai da na tuna ai jama'ar Shehu Umaru Futi da Faransawa suka koro daga Segu sun biyo ta ƙasar Hausa, kuma wasunsu suna tare da Attahiru a Burmi. Nace Baba, duk wannan a ka kake riƙe da shi, yace to in an zo neman aure me za'a tambaya.

Kuma ba duka ne 'yan hijira ba, wannan ma suna bambantawa sosai. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo da Mai Wurno, su ne ke ganin kansu masu gari, akwai alhazan hanya da suka maƙale daga baya, akwai waɗanda aikin madatsar ruwa da auduga ya kawo. Naga alama har yanzu wanda kakansa ya ga Burmi yana ɗan ɗaga kafaɗa a kan wanda kakansa ya zo ƙodago, ba wanda zai faɗa maka a fili amma kana ji a yadda ake gabatar da mutum. Ni dai wannan bai burge ni ba, shekara sama da ɗari ana shan ruwan kogi ɗaya.

A ido kuwa ba zaka iya raba su ba, kowa jallabiya fara da rawani irin na Sudan, mata sun naɗe da tobi, akwai baƙi wuluk akwai wankan tarwaɗa akwai fari sol kaman Shuwa, wani lokacin a gida ɗaya. Harshe ne ke tona asiri. Tsofaffi Fillanci da Hausa, suna juyawa daga wannan zuwa wancan a zance ɗaya, matasa kuma Larabci ya fi musu sauƙi, Hausar tasu in sun yi rabinta Larabci ne, yara ƙanana wasu sai dai su ji su amsa maka da Larabci. A kasuwa naji wata mai ƙosai tana ciniki da harshe uku ba ta ko ɗaga kai ba. Da daddare muka ci agashe, tsire ne dai da ƙuli da yaji, wanda yanzu duk Sudan ake ci kuma kowa ya san Hausawa ne suka kawo shi.

Akwai Larabawan Sudan a garin, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, ga ƙauyukansu kewaye, ana auratayya ma jefi-jefi. Sannan ƙasar kanta tsohuwar ƙasar mutanen Funj ce, su suka yi sarauta a Sinnar daga 1504 har 1821. Ranar kasuwa Mbororo ma kan shigo da shanu daga kudu, su kuma Fulanin gari suna musu kallon mutanen daji, abin dai kaman a gida.

Na tambayi wani malamin makaranta ko nawa ne Fulani nawa ne Hausawa a garin, yace ba wanda zai baka lissafi na gaskiya, ƙidayar 2008 ba ta tambayi ƙabila ba. Nace ai mu ma ta 2006 haka akayi, ba ƙabila ba addini. Amma su a wurinsu maganar ta fi nauyi, don dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa tayi sai in kakanka na wajen uba yana Sudan tun ƙarshen 1897, su kuma sun iso 1906, kaga shekara tara kacal ta sa mutanen da aka haifa a nan aka binne iyayensu a nan suka zama baƙi a takarda. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yanci. Amma malamin yace takarda daban, abin da ke zuciyar mai zama a bayan tebur daban, har yanzu in kaje neman lambar ɗan ƙasa aka ji ƙabilarka ana iya ce maka kawo wannan kawo wancan da ba a tambayi na gabanka a layi ba.

Lokacin da naje kuwa raunin ɗanye ne. A watan Yuli na shekarar aka yi rikici a jihar Shuɗin Nilu da ke kudu da su, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, tushensa neman da Hausawa sukai a basu masarauta tasu, su kuma waɗancan sukace sarauta tana tafiya da ƙasa ne kuma ƙasar ba ta Hausawa bace. An kashe sama da mutum ɗari, a Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, dubbai suka gudu, Hausawa sukai zanga-zanga a Kasala da Khartum. Mai Wurno ba a taɓa ta ba amma zancen kenan a kowace majalisa. A nan naga rarrabewar nan ta la'asar ta ɓace, ba mai cewa ai Hausawa aka taɓa mu Fulani ne, wani dattijo Bafulatani yace min wanda ya zo da adda ba zai tsaya tambayar wane harshe kakarka take yi ba.

Washegari kafin mu tafi aka kaini bakin kogi naga gonakin albasa da kuɓewa da lambunan mangwaro da ayaba a gaɓa, ga masunta da kwale-kwale, yawancinsu Hausawa. Wani daga ciki da yaji daga Najeriya nake ya bar komarsa ya zo, tambayarsa ɗaya wai har yanzu ana kamun kifi a Argungu, don kakansa Bakabe ne. Nace ana yi, an ma yi a 2020 bayan an daɗe ba a yi ba. Ya ɗaura min kifi a leda yace in kai wa ɗalibai, na biya ya ƙi karɓa, haka muka shiga motar Sinnar da shi mutane na ta toshe hanci.