Ranar da jirgin ya ƙi zama ƙasa

Tun da na soma koyon tuƙin ƙaramin jirgi nan Yamai, ƴan fadarmu kullum tambayarsu ɗaya ce, wai ba ka tsoron moter ya mutu kana sama? Ni kuwa wallahi abin da ke hana ni barci shi ne daƙiƙa goma na ƙarshe kafin taya ta taɓa pist, wato hanyar da jirgi ke sauka a kai.

Jirgin da muke koyo da shi Cessna 172 ne, mai kujera huɗu, tun 1956 ake ƙera irinshi. Wajen sauka ana son allurar gudu ta zauna wajen 65, kamar kilomita 120 a awa ke nan. Ranar nan cikin watan Afrilu, rana tsaka, zafi ya haura 40, kwalta tana hucin wuta iska na ɗaga mu tana saki, sai na ƙara gudu don hankalina ya kwanta na shigo da 75. To nan matsalar ta fara. Jirgin da gudu ya yi mishi yawa ba ya zama, sai ya riƙa shawagi dab da ƙasa, pist tana ƙarewa a gabanka, zuciya na ce maka danna shi ƙasa kawai. Na danna. Tayar gaba ta riga bugawa, muka yi tsalle sama, na sake turawa muka sake bugawa fiye da na farko, har kas ɗin kunnena ya zame, tafin hannuna sharkaf da zufa.

Malamina bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi "sake mini, ƙanena", ya tura gaz har ƙarshe, ya riƙe hancin jirgin daidai, muka koma sama a hankali don iskar zafi ba ta da kauri, moter da fiffike duk ƙarfinsu raguwa yake yi.

Da muka sauka ya kai ni gaban jirgin ya durƙusa ya nuna mini ƙafar tayar gaba, siririya, ya ce wannan ba don ɗaukar nauyin sauka aka yi ta ba, aikin tayoyin baya biyu ne. Tsalle na uku ko na huɗu shi ke karya ta, farfela ta daki ƙasa, kuma in ta daki ƙasa sai an buɗe moter an duba cikinshi, kuɗi masu yawa, in ma an fita lafiya ke nan.

Abin da ya fi damuna, na san remiz da gaz, wato fasa sauka a ƙara wuta a koma sama, mun yi ta sau da yawa, amma a wannan lokacin kunya ce ta riƙe mini hannu, kar masu hasumiyar lura da jirage su ga na kasa. Kuma na lura ba ni kaɗai ba ne, har waɗanda suka daɗe suna tuƙi suna ɗaukar komawa sama kamar faɗuwa jarabawa, alhali lita kaɗan na esansi ne da minti biyar.

Yanzu ga hunturu na tafe, iskar arewa maso gabas za ta riƙa bugun mu ta gefe tunda pist ɗin Yamai gabas da yamma ta miƙe, ga hazo. Malam ya ce ranar Asabar da sassafe za mu soma koyon sauka cikin iskar gefe, fiffiken ɓangaren iska ƙasa, ƙafa a kan fedal na ɗaya gefen, kuma duk saukar da allura ta wuce 70 a bakin pist ni da kaina zan tura gaz ba sai ya ce ba.