Abin da na koya a aikin zana taswirar ƙasan teku a bakin Legas

Safiyon ƙasa na karanta, irin na kafa turaku da shata iyakar fili, amma aiki ya kai ni cikin ayarin masu auna zurfin hanyar da jiragen dakon kaya ke bi su shiga Apapa, da kuma ƙasan tekun da ke wajen mashigar tashar jiragen. Jirginmu ƙarami ne, a cikinsa an ɗaure na'urar sona, wadda ke sakin sauti ya daki ƙasa ya dawo. A kowane bugu tana karɓar ɗaruruwan amsa-kuwwa daga dama zuwa hagu, faɗin wurin da take sharewa kuma ya kai ninki uku zuwa huɗu na zurfin ruwan. Inda zurfi yake mita 15, abin da za ka samu a wucewa ɗaya bai fi mita 50 zuwa 60 ba. Don haka sai jirgi ya yi ta kai da komowa kamar mai huɗa a gona, a hankali, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi.

Babban abin da ya zauna mini shi ne cewa lokaci na'urar take aunawa, zurfin kuwa lissafi ne. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, amma wannan adadi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗumin ruwa na ƙara shi, gishiri na ƙara shi, nauyin ruwan da ke sama ma haka. Tsakanin ruwan daɗi da na teku masu ɗumi ɗaya, bambancin ya kusa mita 40 a daƙiƙa. A Legas kuwa, da damina, ruwan daɗi na tafkin Legas na kwararowa ta mashigar ya kwanta a saman ruwan gishiri, sautin da ya ratsa su a karkace sai ya lanƙwashe.

Na ga wannan da idona wata rana da azahar, lokacin da teku ta fara janyewa. Da safe ƙasan ya fito a shimfiɗe a allon kwamfuta. Can sai gefunan kowane layi suka fara lanƙwashewa, layukan da ke maƙwabtaka suka daina haɗuwa, alhali yashin nan ɗaya ne. Shugaban aikinmu, dattijo da ya daɗe a harkar, ko tashi bai yi daga kujera ba. Ya ce wa matuƙi ya tsaya, ya dube ni ya ce, “Yaro, ruwan ya canja, sake jefa ta.” Yana nufin na'urar auna gudun sauti, wani ƙarfe mai tsawon kamu biyu da ake zurawa da igiya. Na zura ta sannu-sannu har ta kusa taɓa ƙasa, na jawo, igiya na zubar da ruwa a ƙafata. Da muka ɗora bayanan, sai ga zanen gudun sautin ya karye a 'yan mitocin sama, daidai inda ruwan tafki ya ƙare na teku ya fara. Aka shigar da sabon awon, gefuna suka kwanta. Tun daga nan na fahimci cewa a bakin mashiga ba agogo ke faɗa maka lokacin sake awo ba, motsin ruwa ne.

Sauran gyare-gyaren ba su kai wannan wahala ba. Cikowa da janyewar teku a Legas wajen mita ɗaya ne, dole a cire shi daga kowane awo. Akwai kuma na'urar da ke bin tangal-tangal ɗin jirgi, wadda ake gwadawa tun kafin a fara aiki. Jiri da amai dai ba su da na'ura, sai haƙuri da busasshen biredi.

Aikin da ba a gani shi ne na dare, wato tace bayanai. Taron kifi, kumfar da farfela ke tayarwa, ragar masunta, duk suna barin ɗigo a allo, kuma hannu na ƙaiƙayin share duk abin da ya yi tsini. A nan haɗarin yake, don ruwan Legas cike yake da jiragen da suka nutse. Akwai wasu ɗigo da suka miƙe sama su kaɗai a tsakiyar yashi. Dattijon ya sa aka buɗe layin da ke kusa, ga su nan a wuri ɗaya. Washegari muka bi ta kansu a gicciye, sai ga gangar jirgi kwance a kan haƙarƙarinsa, yashi ya binne rabi, ƙarfe ɗaya ya miƙe. Kifi ba ya jiran ka dawo, ƙarfe kuwa yana nan. A ganina, wanda bai duba layi biyu ba bai da hurumin goge ɗigo ko ɗaya.

Ƙasan ma ba a zaune yake ba. Igiyar ruwa na tura yashi daga yamma zuwa gabas a wannan gaɓar, kuma katangun duwatsun da Turawa suka fara ginawa wajajen 1908 don kare mashigar sun tare shi. Yashi ya taru ta yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Shi ya sa ake maimaita awon hanyar jirage, kuma taswirar da ba ta ɗauke da ranar awo ba ta da amfani ga matuƙi ko mai bincike.

A duniya, shirin Seabed 2030 mai burin auna ƙasan tekunan duniya gaba ɗaya, na gidauniyar Nippon ta Japan da GEBCO (masu haɗa taswirar zurfin tekunan duniya), ya fara a 2017 da kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku da aka auna da kyau, zuwa 2025 kuwa an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Mutane na ɗauka ruwa mai zurfi ne ya fi cin rai. Ga mai sona, ruwan gaɓa ne: a zurfin mita 4,000 wucewa ɗaya na share kilomitoci, mu kuwa a mita 15 sai mu wuni ba mu gama abin da ido ke hangowa daga kan jirgi ba.