Yadda Na Nema wa Yayana Zaman Masu Barin Giya

Da yayana ya yanke shawarar barin giya, abin da ya fi ba mu wahala shi ne tambaya, domin a unguwarmu magana ce da ba a yinta a fili. Likitan da ya duba shi ya gargaɗe mu cewa wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina farat ɗaya ba tare da kulawar asibiti ba, saboda karkarwa da farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana biyu zuwa uku. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe, ta rubuta mini wurin da wasu ke haɗuwa kowace Asabar.

Suna bin tsarin matakai 12 na ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu taimakon juna wajen barin giya, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma sunan farko kawai ake faɗa, abin da a ganina ya fi komai kwantar masa da hankali. Ranar da muka je, na jira shi a waje kan benci. Da ya fito sai ya ce, "Ƙanena, ashe ba ni kaɗai ba ne."