Na je Ikom na ga yadda ake kayar da bishiya

Shekaranjiya da daddare na sauka Kano, har yanzu ƙafafuna ƙaiƙayi suke, takalmina kuwa yana can bakin rijiya jar laka ta ƙi fita. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da katako a Na'ibawa, obeche da afara da loko ko ido rufe na taɓa zan gaya maka wanne ne, amma wallahi ban taɓa ganin ko ɗaya a tsaye da ganyenta ba. Shi ya sa da kawuna da ke zaune a Ikom ya ce in zo in ga gonar kokon da ya karɓa jingina, ban tsaya dogon tunani ba.

Hanya dai ba abin faɗa, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Katsina-Ala, Ogoja, zama har ƙugu ya sage. Sai dai wani mai kaki a wani shinge kafin Ogoja, shi kam ba zan manta da shi ba. Ya zazzage min jaka a kan kwalta, ya ɗago ƙunshin kilishin da na yo wa kawu tsaraba ya ce Aboki ina takardar wannan. Takardar kilishi fa jama'a! Direba ya ƙifta min ido na yi shiru, ƙunshi biyu ne, ɗaya ya tafi.

Ikom garin koko ne, ga iyakar Kamaru nan kusa ta Mfum, kuma Hausawa jingim a unguwarsu, mahauta da 'yan albasa da masu shayi, ka ce Sabon Gari ne aka juya shi baibai. Filanten nono guda cur kuɗinsa bai kai abin da za ka biya wa 'yan ƙwayoyi a 'Yan Lemo ba, amma da na tambayi kuɗin albasa uku sai da na ce a maimaita min. Ruwa kuwa ba irin namu ba ne da za ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka kwashe shanya, can kawai sai ka ji shi a ka.

Washegari muka hau mashin wajen awa guda, muka kwana a ƙauyen mai gonar. Mutumin nan Kirista ne, amma ya sa aka kamo zakara ya miƙo min wuƙa ya ce ni zan yanka don mu iya ci, matarsa kuma ta ciro sabuwar tukunya dal. Da asuba na fito na tarar an ajiye mana bokitin ruwa da tabarma a baranda. Na ji kunya gaskiya, don ban san ko ni zan yi wa baƙonsa haka a Kano ba.

Aikin da ya kai mu shi ne gyaran hanyar gona kafin a fara ɗiban koko, don masu mashin su iya fito da buhu. Iska ta kayar da wata ƙatuwar bishiya ta gindaya a hanya, ga wata kuma a tsaye da rabin kanta ya mutu tana ta yo wa mutane jifa da rassa. Mai injin yankan itacen wani dattijo ne siriri, kowa Baba yake ce masa, injinsa Stihl 070 irin tsohon nan mai nauyin tsiya, yaronsa ne ya ɗauko shi a ka da gammo. Muna isa na zaci za a ja igiya a hau aiki. Ina! Baba ya samu kututture ya zauna ya ciro magagari yana wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya ya fi rabin awa. Na raɗa wa kawu na ce Kawu wannan kuɗin yini yake so ya cika. Kawu ya ce kai dai zuba ido.

Da kwantacciyar aka fara. Ni a kaina ka samu tsakiya ka datse shike nan, ashe itacen da ya faɗi a dajin nan kamar baka yake da aka ɗana. Ta danne ƙananan bishiyoyi sun lanƙwashe a ƙarƙashinta, Baba ya nuna min ɗaya da bakin adda ya ce in ka sare ta kai tsaye za ta miƙe ta cire maka haɓa, sai ya riƙa shaftarta kaɗan kaɗan ta cikin lanƙwasar har ta saki da kanta. Gungumen kuma tunda kai da gindi ne suka tokare ƙasa tsakiya na lilo, ta sama itacen a matse yake, in ka ci gaba da yanka daga sama zai cije harshen injin ya ƙi fita. Sai ya ɗan shiga ta sama kamar kashi ɗaya cikin uku, ya ƙarasa ta ƙasa, kuma duk yana tsaye ta ɓangaren tudu don in gungumen ya mirgina gangare zai bi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saiwar. Ta tumɓuko da ƙasa ta miƙe kamar katangar ɗaki, ga rami a bayanta, ya kori kowa daga wajen. Yana raba ta da gangar jikin sai ji mukai dim, ta koma raminta kamar an rufe ƙofa. Minti kaɗan kafin nan ni ne a tsaye cikin ramin ina ɗaukar hoto.

Tsayayyar kuwa gindinta irin na rimi ne mai fukafukai, sai dai kowane fiffike ya fi ni tsayi, rimin Zariya yaro ne a wajen. Baba ya zagaya ta ya fi sau biyar kansa a sama, yana duba matattun rassa da inda nauyin kan ya rinjaya. Ya bubbuga ta da ƙeyar gatari yana saurare ko akwai kogo. Ya nuna min wasu igiyoyin daji masu kaurin cinya suna reto a bushe, ya ce tun wata uku da suka wuce ya zo ya sare su, don su suke ɗaure kan bishiya da na maƙwabtanta, in ba ka yi haka ba ko ta maƙale a sama ko ta jawo reshen wata ta bayanka. Sannan ya sa yara suka share hanyar gudu guda biyu, ba ta baya sak ba, a karkace ta hagu da dama, aka kwashe duk wani abin tuntuɓe. Mu 'yan kallo aka kai mu nesa kamar tsayin bishiyar sau biyu. Iska ta ɗan taso, ya kashe inji ya zauna ya ci goro har ta kwanta.

A nan na yi abin kunya. Ashe kan layin ƙwarƙwasa na tsaya, sai da suka hau har cinya suka fara cizo, na zabura da gudu ina kakkaɓe wando, ban tashi nufar ko'ina ba sai inda aka shirya bishiyar za ta faɗi. Baba ya daka min tsawar da rabon da a yi min irinta tun ina makarantar allo. Ya ce Aboki in mutuwa kake so ka koma garinku ka yi, ba a wajen aikina ba. Na ce tuba nake Baba.

Yankan kansa bai daɗe ba. Ya rage fukafukan gaba da na gefe ya bar na baya yana riƙe da ita, ya yanka mata baki ta inda yake so ta faɗi, zurfinsa kamar rubu'in kaurinta, ya fitar da ɓallin kamar yankan kankana. Ya zagaya baya ya yanka sama da ƙasan bakin nan da kamar inci biyu, amma bai haɗe su ba, ya bar wani siririn itace a tsakani wanda shi ne kamar hinjin ƙofa, shi yake riƙe ta ya kai ta inda aka nufa, in ka cinye shi to bishiya ta zama ba mai ita. Yana yi yana kallon garin katakon da ke fitowa, wai in ya ga baƙi jiƙaƙƙe to cikin ruɓaɓɓe ne sai a sake lissafi. Da ta fara ƙara ya yi ihu, ya ajiye inji ya bi hanyarsa ba waiwaye sai da ya yi nisa. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Kuma bai bar kowa ya matsa ba sai da aka jima, rassa na ta zubowa daga sama bayan ta kwanta.

Abin da ban ji daɗinsa ba, mutum mai wannan taka tsantsan ba hular kwano ba komai a kunne, dogon takalmin roba kawai, shi ya sa sai ka yi masa magana sau biyu kafin ya ji. Yaronsa silifas ne ma a ƙafarsa. Kuma kuɗin da aka ba shi na yinin, ni in na sayar da falanki kaɗan na ci ribarsa ina zaune a inuwa ina shan fanka. Mai gonar ya ce tun 2008 jihar ta hana yankan katako sai 2023 aka ɗage, kuma dajin gwamnati da aka keɓe tun 1991 inda gwaggon biri yake an hana taɓa shi, wannan bishiyar da aka kayar ma sai da dattawan ƙauye suka yarda.

Sauran kwana biyun sara da adda ne. Ana sare tsiro daidai da ƙasa don tsinin kar ya huda ƙafa ko taya, ana yanka wa ruwa 'yar kwata a gangare don kar ya mai da hanyar rafi, gungumen da aka gitta a kan ƙorama kuma aka yi masa tsaga tsaga saboda santsi. Duk da haka na faɗi sau biyu.

Mun leƙa ruwan Agbokim da ke zubowa daga dutse, yana da kyau, ruwan sama ya kore mu. Na sayo namijin goro da manja jarka ɗaya. A dawowa motarmu ta lalace a Gboko muka kwana a tasha, mai kakin nan kuma ban same shi a shingen ba, da na tambaye shi ko kilishin ya yi yaji.