Ruwan da ya kashe mini fangali biyu

Shekarar da na fara noman furen kirisantimam a bayan gidanmu a Jos, na ɗauke shi kamar tumatir. Safe da yamma sai in ja tiyo in cika fangali maƙil. Da ganye ya fara yaushi da tsakar rana, na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ranar da na tumɓuke guda ɗaya, sai ga saiwar ta yi baƙi tana saluɓewa a yatsana, ga warin ruɓa. Fangali biyu suka tafi a haka, saura mako uku masu kwalliyar biki daga Abuja su zo ɗauka. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Saiwar furen nan ba ta nitsewa can ƙasa, a sama-sama take. Shi ya sa ƙasa na bushewa take jin jiki, ruwa kuma na kwanciya take shaƙewa. Yanzu na ɗaga kunyoyina sama, na cakuɗa ƙasar da taki da ɗan yashi. Kafin in buɗe tanki sai na tusa yatsa har gaɓa ta biyu. In na ji danshi, in bar shi sai gobe.

Sabon dashe kaɗai nake yi wa yayyafi ta sama, kamar kwana goma, har ya kama ƙasa. Daga nan sai bututu mai ɗiga a gindi, kuma da sassafe. Ganye ya kwana a jiƙe, cuta ce za ta biyo baya, musamman a watan Agusta da ruwan Jos ba ya ɗagawa. Lokacin nan rumfar leda ce ke cetona. Da hunturu kuwa iska na zuƙe danshi kafin azahar, dole in riƙa leƙawa sau biyu.

In toho ya fara nuna launi, nakan rage ruwan kaɗan, kuma ko ɗigo ba na bari ya taɓa kan furen, don farin nan da an jiƙa shi sai ya yi tabo, mai saye kuwa ba ya yafe tabo. Ranar yanka nakan fito kafin rana ta ɗaga, da bokitin ruwa mai tsabta a gefena, ina yankewa ina tsomawa.