Hasumiyar Guy da tawada kashi uku

Zanen da na fi daɗewa ina kwaikwaya shi ne na fadar Warwick da ke Ingila, aikin Canaletto. Mutumin Venis ta ƙasar Italiya ne, ya isa Landan a 1746, kuma daga 1748 zuwa 1752 ya yi ta zana wa mai fadar, Francis Greville, gidansa. Wasu da fenti ya yi su, wasu da alƙalami da tsinkakkiyar tawada mai ruwan toka. Na alƙalamin na bi, don kayansa ba su fi ƙarfin aljihuna ba.

Kafin tawada, nakan ja layi ɗaya da fensir daidai idon mutumin da ke tsaye a filin fadar. Saman ganuwa da tagogi gangarowa suke yi wajen layin in sun yi nisa, gindin bango kuma hawa yake. Wannan ba wuya, rula ma ta iya.

Hasumiya ce ke fitar da gumi. Ta Guy, ginin ƙarni na 14, fuska 12 gare ta. Rabinsu kake gani, ta tsakiya da faɗi, na gefe suna ta tsukewa, kowace da nata rabon haske. Sai na tsai da inda rana take tukuna, sannan in dama tawada kashi uku a murafun kwalba: tsararo, matsakaiciya, da mai duhu. Fuskar da rana ta daka ba na taɓa ta, farin takardar shi ne haskenta. Sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya, sai wannan ta bushe in shafa waccan. In ka yi garaje suka haɗu da danshi, kusurwar ta tafi, hasumiya ta koma randa.

Hasumiyar Caesar kuma jikinta a lanƙwashe yake, don haka can da gangan nake jiƙa gefen inuwa da ruwa zalla ta narke.

A ganina Canaletto ya yi wa Ingila aron ranar garinsu, inuwarsa ta cika kaifi. Amma ƙananan mutanen da yake zubawa a fili, su ne ma'aunin ginin. Na taɓa cire su in gani, sai ganuwar ta zama kamar katangar gida. Yanzu su nake fara ɗigawa da fensir, kawunansu duk a kan layin ido.